Gaisuwar da Ta Sauko da Mu Daga Dutse

Zango na farko: saukarmu

Mun sauka a Bulgariya sanyi na kamawa, mu biyar daga Kwatano. Gwamnatin juyin juya hali ce ta turo mu mu koyi gyaran motocin ɗaga kaya da aka kawo wa tashar jiragen ruwa. Wata shida za mu yi. Wanda ya koma da takardar shaida za a ɗauke shi aiki a garejin tasha, mai rufin kwano da daɓen siminti. Ni Sa'idu, shekarata ashirin da biyu ina kwanciya ƙarƙashin manyan motoci a bakin titin Zongo, ruwan kwata na bin gadon bayana. Ina da arba'in da bakwai a lokacin. Inuwar nan ta garejin tasha ita na je nema. Boko kuwa ban fi shekara biyu da fara shi ba, a ajin manya da ake yi mana bayan la'asar. Ina iya sa hannu, ina iya karanta lambar noti, shi ya sa sunana ya shiga.

Cutar farko tun daga gida na taho da ita a jikina. Wani mai gwanjo a kasuwar Misebo ya sayar mini da kwat mai kauri, ja, da gashi a wuya. Ya rantse mini irinta janar-janar ke sawa a ƙasashen ƙanƙara. A cikin motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi na ga mutane suna kallona suna murmushi, na ce a raina mutanen nan akwai karɓar baƙo. Sai da muka kwana uku matar da ke dafa mana abinci ta ja ni gefe, ta nuna kwat ɗina, ta nuna tata da ke rataye a ƙusa. Iri ɗaya, har maɓalli.

Isa ɗan Zugu, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Yaya Sa'idu, saura ɗankwali!"

Na ce, "Sanyi bai tambaye ni ko ni namiji ne ba." Na ci gaba da sa abata har muka bar ƙasar.

Matar nan mai abinci ta yi mini alheri da yawa. Ranar farko ta nuna mini naman alade, na girgiza kai, ta zuba. Na sake girgizawa da ƙarfi, ta ƙara. Ashe su idan sun girgiza kai sun yarda ke nan. Da ta gane ni da Isa ba ma ci, sai ta ware mana tukunyar wake ta daban, da cokalinta na daban, har ta ɗaura wa cokalin zare don kada a haɗa. Ba mu jin yaren juna, amma kullum idan na je alwala zan tarar ta aje butar ruwan ɗumi bayan ƙofa.

Shugaban tafiyarmu wani saurayi ne mai suna Kodjo, ma'aikacin ofis a unguwar Ganhi, sa'an ɗan farina. Ya taso kusa da kasuwar Dantokpa, don haka yana jin Hausa irin ta ciniki. Yana da ƙaramin littafi baƙi a aljihun gaba, a ciki yake rubuta rahoton da zai kai gida. Tun ranar farko ya tara mu ya kafa doka.

"Nan babu ranka ya daɗe, babu yallaɓai. Kowa kamarad ne. Juyin juya hali ya miƙe wa talaka gwiwa. Duk wanda na ga ya rusuna wa wani mutum, zan rubuta shi mai ra'ayin sarauta."

Mun san abin da wannan ke nufi. Wanda aka rubuta haka, ko ya koma da takarda goma, sai dai ya yi fifita da su. Na riƙa gai da mutane a tsaye ƙyam kamar turken wuta, ina jin kamar na fita ba wando.

Zango na biyu: gurbin da ya rage

Aikin gyara bai ba ni wuya ba. Inji inji ne, ko a ina aka haife shi. Cikin wata uku malaman makarantar sun buga mana hatimi a gurbi shida na takardar. Saura gurbi ɗaya, can ƙasa. Na haɗa haruffan a hankali, ban gane ba, Kodjo ya fassara mana: motsa jiki.

Na ce, "Wannan mai sauƙi ne. A ba ni giyar mota in ɗaga."

Ashe dokar makarantar ita ce wanda ya zo da rani zai yi iyo, wanda ya zo da sanyi zai yi siki. Siki shi ne a ɗaura wa mutum dogayen katakai biyu a ƙafa, a kai shi kan dutse mai dusar ƙanƙara, a sake shi. An kafa sanduna takwas a gangaren, sai ka bi ta hagun wannan, ka bi ta daman waccan, har ƙasa, ba ka faɗi ba. Kuma hatimin na birgad ne, wato na ƙungiya. Idan mutum ɗaya cikinmu ya faɗi ranar jarrabawa, mu biyar ɗin babu mai samu.

Isa ya ce, "Kamarad, mu da muka zo gyaran mota, me ya haɗa mu da wasan aljanu?"

Kodjo ya ce, "Ma'aikaci mai lafiya shi ne ginshiƙin ƙasa," ya taɓa aljihun gaba. Isa ya kama bakinsa.

Zango na uku: kan dutse

Kowace Asabar da Lahadi mota takan kai mu dutsen. Mai koya mana wata mace ce, Madam Rada, gajeriya kakkaura, muryarta kamar ta kwandastan motar Parakou. Tana jin Faransanci kaɗan, ni ma haka, sai muka haɗu a tsakiya.

Takalmin kaɗai ya kai nauyin batirin babbar mota. Da aka maƙala mini katakan na miƙe, sai ƙafar dama ta kama hanyar gabas, ta hagu ta ce ita yamma za ta. Na tsaya a tsakiya ina sulhu har wandona ya ba da amsa.

Hawa ma kansa fitina ne. Akwai wata waya mai tafiya sama, da ƙarafa na reto a jikinta. Za ka saƙala ƙarfen tsakanin cinyoyinka ya ja ka kana tsaye. Ni na ga abu kamar kujera, kuma a iya sanina ba a miƙa wa dattijo kujera ya ƙi. Na zauna. Ƙarfen ya sauke ni ƙasa, ya ja ni da baya kamar buhun gawayi, har sai da mai kula da injin ya kashe shi. Mutum wajen talatin suka tsaya cak a kan waya suna jiran in tattara kaina.

Sauran samari biyun da ke cikinmu sun kama abin cikin sati biyu. Isa ma ya kama a na uku, yana saukowa yana ihu kamar an biyo shi. Saura ni da Kodjo.

Madam Rada kalma ɗaya take ta maimaita mini: "Gwiwa! Gwiwa!" Tana nufin in lanƙwasa. A kaina na gane sarai. Ni makanike ne, na san motar da ba ta da sifirin ramin farko zai watsar da ita. Amma da zarar katakan sun fara gudu, sai tsoro ya sa wa gwiwoyina kwaɗo. In miƙe, in jingina baya kamar mai ja da akuya, katakan su wuce gaba su bar ni. Na faɗi ta baya, na faɗi ta gefe, na faɗi ta fuska. Akwai ranar da na faɗi ina tsaye wuri ɗaya, ba inda za ni.

Wata Lahadi na kwanta cikin ƙanƙarar na ƙi tashi. Sama fari, ƙasa fari, ba ƙamshin komai. Na tuna war haka a Zongo mai koko ta sauke tukunya ƙofar masallaci, ƙosai na ƙara a mai, masu goro na buɗe huhu suna yayyafa ruwa, iskar teku na kawo warin kifi da gishiri. Har zafin kwanon mota da ke ƙona mini hannu sai da na yi kewarsa. Hawaye ya zubo, ya daskare a gemuna. Isa ya zo ya tsaya a kaina.

"Yaya, in kira liman ne ko za ka tashi?"

"Ka bari in gama hutawa."

"Hutun nan naka shi zai mai da ni Zugu hannu rabbana. Na riga na gaya wa surukaina ni ma'aikacin gwamnati ne."

Na tashi. Haƙuri shi ne abin da na iya. Wanda ya taɓa kwana uku yana lallashin noti mai tsatsa ba ya fushi da dutse.

Zango na huɗu: Baba Todor

A gindin gangaren akwai wata bukkar katako inda ake aje kayan siki. Mai gadinta wani tsoho ne, Todor, gemunsa fari tas har ƙirji. Shi ke shafa wa katakai kakin zuma don su yi santsi. Tun da ya ga yadda nake rawar ɗari, kullum sai ya zaunar da ni kusa da murhu ya ba ni shayin ganye. Wata rana ya cire mini takalmi, ya ga safar da nake sawa, ya yi tsaki irin nasu, ya ɗauko safar ulu da matarsa ta saƙa ya ba ni. Ni kuma na ɓare goro cikin ɗan guzurin da nake tattali na miƙa masa. Ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Amma don kara ya haɗiye, ya dafa ƙirji ya yi godiya. A raina Baba nake kiransa, a fili kuwa ina tsoron baƙin littafi.

Saura sati uku jarrabawa, aka kira Kodjo taro a babban birni, bai zo dutse ba. Ran nan ina gangarowa a sandare kamar kullum, ina duba inda zan faɗi mai taushi, sai ga Baba Todor tsaye a gefen hanya ta hannun hagu, da shebur a hannu. Ban gan shi da safen ba, ban gaishe shi ba. Ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya yi abin da aka koya masa tun ina shekara huɗu. Gwiwoyina suka sauka, kafaɗata ta juya wajensa, hannuwana suka yi gaba.

"Barka da hantsi, Baba."

Sai na ji katakan sun kwana da kansu, sumul, kamar sabuwar mota a shataletale. Na kewaye tsohon na tsaya a bayansa. A tsaye, da ƙafafuna.

Madam Rada ta ƙwalla ƙara har tsuntsaye suka tashi. Ta iso tana haki.

"Me ka yi? Wa ya koya maka?"

Na ce, "Gaisuwa na yi."

"Sake!"

Na hau na sake gangarowa, na sandare, na faɗi. Ta tsaya tana kallona, tana kallon tsoho. Sai ta kama hannunsa ta kai shi hannun dama ta tsayar. Na gangaro, na gan shi, na rusuna, katakai suka kwana dama. Ranar nan bawan Allah ya sha gaisuwa ta fi hamsin. Ana kai shi hagu ana dawo da shi dama, shi kuma kowane karo sai ya cire hula ya amsa da yarensu, da gaske, ba wasa.

Da yake tsoho ɗaya ba zai isa sanda takwas ba, sai na raba wa sandunan mutane. Ta farko limamin masallacinmu. Ta biyu Alhaji mai goro da ya riƙe ni ina yaro. Ta uku, wadda ke wurin da gangaren ya fi tsayi, maigidan da ya koya mini aiki. Haka har ƙasa. A nan ne na gane ashe duk ilmin da Madam Rada ke fama ta zuba mini yana cikin gaisuwar Zongo. Idan za ka gai da wanda ke hagunka, nauyinka kan ƙafar dama yake sauka, abin da take so ke nan. Gaisuwar yayan aboki, ɗan rusunawa kaɗan, ita ce ƙaramar kwana. Gaisuwar liman, gwiwa ta sauka sosai, ita ce babbar kwana. Ba ka miƙewa da sauri daga gaban babba, a hankali kake tashi kana shirin na gaba. Tsayawa kuwa gaisuwar suruki ce. Ka tattara jikinka duka, ka sauka ƙasa, ka karkace gefe kamar kana neman inda za ka ɓoye. Duk gudun da kake yi, nan take zai mutu.

Madam Rada ta sa na nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, tana gwadawa. Ta ce shekararta goma sha tara tana koyarwa, ba ta taɓa samun ɗalibin da surukinsa ya koya wa birki ba.

Zango na biyar: baƙin littafi

Asabar ta gaba Kodjo ya dawo. Yana tsaye a ƙasa na sauko ina rabon gaisuwa da murya: "Allah gafarta Malam. Ina kwana, Alhaji. Ranka ya daɗe, maigida." Na tsaya gabansa da gaisuwar suruki, ƙanƙara ta fantsama a wandonsa. Na ga hannunsa ya tafi aljihu.

"Kamarad Sa'idu, wa kake rusuna wa?"

"Sanda ce, kamarad. Kai ka ce mutum."

"Na ji ka ce ranka ya daɗe."

Madam Rada ta sa baki, ta ce wannan dabara ce ta wasa. Kodjo ya ce dabara ba ta da liman. Ya rubuta, ya rubuta, har ya juya shafi. Ya ce idan na daina daga yau zai duba yiwuwar sassauci.

Na gwada, Allah ya sani. Na gangaro bakina a rufe, ina gaya wa kaina sanda ce kawai. Gwiwa ta ce ita ba ta san sanda ba. Na faɗi a ta biyu. Na gwada cewa "sannu kamarad" a kowace sanda, na faɗi tun a ta farko, don kamarad ba a rusuna masa. Na zauna na auna. In na yi gaisuwa, rahoto zai ci ni ni kaɗai. In ban yi ba, na kayar da mutum biyar. Na koma ga limamina.

Amma ko da ni na wuce, ga Kodjo. Yaron yana da ƙarfi, yana da zuciya, ba ya tsoron gudu kamar ni. Sai dai yana saukowa ƙirji a gaba, kai a sama, kamar hoton da ke jikin bango. Sanda ta farko da ta biyu yakan wuce da ƙarfin hali. A ta uku kullum dutse ke karɓar sa. Ya faɗi a nan har wurin ya yi rami daidai jikinsa.

Ana jibi jarrabawa Isa ya kasa daurewa.

"Kamarad, gwiwar nan taka ta gwamnati ce ko taka ce? In taka ce ka lanƙwasa mana ita!"

Kodjo bai taɓa littafi ba. Ya juya ya shiga bukka. Na bi shi na tarar yana zaune gaban murhu, yana fama da igiyar takalmi. Na zauna kusa da shi. Na bari sai da ya gama.

"Kamarad, wa ya raine ka?"

"Kakata. A Abome. Manja take sayarwa."

"Idan ka je gida, yaya kake gaishe ta?"

Na san amsar. Na sha ganin mutanensu a kasuwa, su har goshi suke kai wa ƙasa, mu namu wasa ne.

"Wannan a gida ne," in ji shi. "Ni aka ba amanar tafiyar nan. In na yi abin da na hana, da wane baki zan yi magana?"

"In muka koma ba takarda fa, da wane baki?"

Ya ɗauki katakansa ya fita. Ta taga na hango shi ya hau, ya gangaro, ya shiga raminsa.

Zango na ƙarshe: ranar hatimi

Ranar jarrabawa gari ya yi haske, rana ta fito ba zafi. Daraktan makaranta ya zo da kansa, aka kafa masa tebur a ƙasa, takardunmu biyar a kai, an danne da dutse, hatimi a gefe. Ma'aikatan makaranta sun zo kallo, har da mai abincinmu cikin kwat irin tawa. Labari ya riga ya zaga cewa akwai baƙon da ke magana da sanduna.

Samari biyu suka sauka lafiya. Isa ya sauka da ihunsa. Ni ne na huɗu. Na yi bisimilla, na tura. Tun da an riga an rubuta ni, na ce bari in yi mai dalili. Na gai da kowa da cikakkiyar murya, har ina tambayar iyali. Na iso gaban tebur na ba darakta gaisuwar suruki. Aka yi tafi. Ban tsaya karɓa ba, na kwance katakan, na kama hawa gefen gangaren da ƙafa, ina nitsewa har gwiwa. Madam Rada ta gan ni, ta gane inda za ni, ta juya tana gyara hularta.

Na isa daidai sanda ta uku, na tsaya wajen hanya inda 'yan kallo ke iya tsayawa. Na cire hular ulu don furfurata ta fito. Na maida hannuwa baya, na ɗaure fuska irin ta dattijon da aka wuce ba sallama.

Kodjo ya taso. Ta farko ya wuce a miƙe. Ta biyu ya wuce da ƙafa ɗaya a sama. Ya nufo ta uku jikinsa ya riga ya fara komawa baya, idonsa a kan ramin nan nasa. Na buɗe murya yadda ake yi wa yaron unguwa.

"Kai! Ɗan gidan wa ne kai? Haka za ka wuce ni?"

Wallahi bai yi tunani ba. Na gani a fuskarsa. Gwiwoyin suka karye da kansu, kafaɗa ta juyo, kai ya sunkuya, wata gaisuwa ta fito daga bakinsa da yarensu. Katakan suka kwana, ƙanƙara ta wanke mini fuska. Kafin in share ido ya kai ta huɗu, na jiyo muryarsa yana gaishe ta. Ta biyar ma haka. Yana tafiya muryar na ƙara ƙarfi, yana sauka ƙasa fiye da yadda ni nake sauka, don nasu rusunawar ta fi tamu zurfi. Ya isa gaban tebur ya tsaya cak, goshinsa saura kaɗan ya taɓa kan katako.

Ni da gindi na sauko, don na bar katakaina a ƙasa. Kafin in iso na ji ƙarar hatimi sau biyar, ɗaya bayan ɗaya. Isa ya rungume Baba Todor yana yi masa kirari da Hausa, tsoho na girgiza kai, wato ya yarda.

Na karɓi takardata na bi gurbin nan na bakwai da yatsa. Tawadar ba ta bushe ba. Na sa ta cikin rigata ta ciki.

Kodjo yana zaune kan wani kututture, ya buɗe littafinsa a gwiwa. Na je na tsaya. Bai ɗago ba. Ya ja layi a kan shafi biyu, ya yi sabon rubutu, sannan ya karanta mini da muryar ofis.

"Kamarad Sa'idu ya gabatar da sabuwar dabarar lanƙwasa gwiwa, wadda ya samo daga al'adun talakawa. Birgad ta amfana."

Na ce, "Madalla. Ka sa har da liman?"

"Ban sa ba."

Ya rufe littafin. Ya kakkaɓe ƙanƙara daga gashinsa.

"Sandunan nan sun yi yawa," in ji shi. "Na gai da kakata, na gai da kawuna, na gai da gwaggona. A ta shida tsofaffin gidanmu suka ƙare."

"To sauran biyun fa?"

Ya kalli wajen dutse, ya sa littafin a aljihu.

"Kai na maimaita."